Sunan da Na Goge a Bayan Oba-oba

Ni matar aure ce, uwar yara uku, a unguwar New Bell ta birnin Douala aka haife ni, a nan kuma na yi aure. Na yi makaranta har aji huɗu na sakandare. Kafin abin da zan ba ku labari, idan aka ambace ni a unguwa, tsabta ake nufi. Tukunyata ko gindinta ba ya baƙi. Mata kan kawo mini zanen da manja ya ɓata, in fitar da tabon, su tafi suna yabo. Yabon nan kuwa ina jin daɗinsa fiye da kima, kuma ta nan aka same ni.

Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako uku a hanyar arewa. Yana da ƙane mai suna Ɗanlami, mai sayar da tsofaffin wayoyi a kasuwa. Wata rana bayan Azahar ya shigo da rediyon nan na masu gadi da muke kira oba-oba, bayansa ya yi fari fat, robar ta narke ta yi kumfa. Ya ce kamfanin gadi ne ya rufe a unguwar Bonabéri, shi kuma ya sayi kayansu, amma masu saye ba sa son lambar kamfani da aka rubuta da fenti. Wai ya zuba ruwan goge farce ne don fentin ya fita.

Na ce, "Kai dai ba ka iya komai ba sai cin tuwo. Roba ce fa, ba ƙarfe ba."

Ya ce, "To matar yaya, ke da kika iya, ga wani."

Haushin ɓarnarsa ya sa na karɓa. Na zauna da tsumma da ɗan mai da haƙuri, na bi fentin a hankali har ya bar robar, na shafe wurin da man takalmi. Ya juya shi a hannu ya ce, "C'est propre, ya fita tas. Wallahi ko a kanti sai haka." Na yi murmushi kamar wadda aka ba lambar yabo. Har yau idan na tuna murmushin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Daga ɗaya aka koma uku, daga uku aka koma jaka. Yana ba ni ɗan abin cefane, ina karɓa. Kada wani ya ce ban sani ba. Allah ya ba ni ido. Kamfanin da ya rufe ɗaya ne, amma fentin da ke zuwa launi-launi: yau rawaya, gobe ja, jibi shuɗi. Wani da igiyarsa a tsinke, irin tsinkewar abin da aka fizge. Wani har da ɗan gishirin gumin mai shi a jikin maɓalli. Na ga duk wannan. Sai in ce a raina ni ban ɗauki kayan kowa ba, wanki kawai nake yi. In idar da salla, in shafa addu'a, in naɗe darduma, in jawo jaka.

A layinmu akwai wani dattijo, Baba Hamadu, Bafulatani daga garin Maroua can arewa, yana gadin wani sito a unguwar Deïdo. Bai yi boko ba, lambobin kamfani duk iri ɗaya yake ganinsu, don haka ya rubuta sunansa da ajami a bayan nasa rediyon da farin fenti, don kada ya ɗauki na abokin aikinsa. Na san hannunsa, domin shi ke yi wa yarana rubutun sha idan zazzaɓi ya kama su. Ranar da na zaro rediyo daga jaka na ga sunan nan, na ajiye shi. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Da Ɗanlami ya zo na nuna masa.

Ya ce, "Hamadu nawa ne a Douala? Ki goge kawai."

Na goge. Kwana biyu na yi ina jinkiri, amma na goge, kuma na yi aikin da kyau.

Washegari matarsa, Inna Dija, ta shigo tana kuka. Ta ce ya rataye rediyon a ƙusa zai yi alwalar La'asar, yana wanke ƙafa wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya fizge ya gudu. Shugabanninsa sun ce ƙarya ne, sayarwa ya yi, sun kai shi ga 'yan sanda. Na shimfiɗa mata tabarma, na dafa mata shayi, na ce Allah ya tona asirin azzalumai. Da bakina na faɗa. Rediyon mijinta yana cikin kwandon kayan guga, taku uku daga inda take zaune.

Bayan mako biyu aka kama Ɗanlami da ɗan bensikin ɗin, da buhun rediyo. Mai fizgen ya amsa cewa lokacin salla yake bin masu gadi, amma ya ce bai san daga wa ya ɗauki wanne ba. Aka ce wa Baba Hamadu ya nuna nasa a cikinsu, in yana nan a sake shi. Ya duba, ya duba, duk baƙaƙe sumul, babu suna babu lamba. Aka mayar da shi ciki. Ɗanlami bai ambace ni ba, saboda tsoron yayansa. Ke nan duk duniya ni kaɗai na san wanne ne, kuma in na buɗe baki na kama kaina.

Kwana goma sha tara na yi shiru. Ina dafa abinci in aika wa Inna Dija, kamar tuwo zai fito mata da miji. Ran na ashirin ta zo ta ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tsayuwar salla, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kada 'ya'yansa a Maroua su ji an ce ya yi sata. Tana fita na kai yara gidan mahaifiyata, na ɗauki mayafi, na nufi ofishin 'yan sanda, na ce zan iya nuna rediyon Baba Hamadu.

Jami'in da na samu ya dube ni sama da ƙasa. "Madame, ta yaya za ki gane shi?"

Na ce a ba ni wanda ke da ɗan tsagu kusa da eriya, a ba ni sabulu da ruwa. Na wanke man takalmin, na fita da shi rana, na karkata shi. Inda fenti ya daɗe rana ba ta ci robar ba, sai inuwar sunan ta fito, harafi bayan harafi. Ya ce, "Wa ya goge?" Na ce ni ce.

Wata takwas aka yanke mini. Gidan yarin a unguwarmu yake, ina jin kiran sallar masallacin layinmu daga ciki, ina gane muryar ladan. Maigidana bai sake ni ba, amma sai da ya yi wata uku kafin ya zo dubana. 'Yata ta fari ta daina zuwa Islamiyya saboda gori. Na tuba ga Allah a can, ina kuma kan tuba.

Da na fito, gidan Baba Hamadu na fara zuwa. An sake shi tun a makon da na yi magana, amma ba a mayar da shi aiki ba. Na same shi a ƙofa da ɗan tiren goro. Na durƙusa na nemi gafara. Ya dubi tiren ya ce, "Na yafe miki, 'yata. Abu ɗaya ke damuna. Kin karanta sunan kafin ki goge?"

Na ce, "Na karanta, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini goro, na kasa karɓa.

Abin takaici, har yanzu akwai masu tare ni, samari da 'yan mata, su rage murya su ce, "Tanti, wai da me kike gogewa?" Duk abin da ya same ni, wannan kaɗai suka ji a labarin. To ku saurara, 'ya'yana. Ba zan faɗa ba. Duk wanda ya kawo muku abu ya ce ku cire suna ko lamba, ku tambaye shi ina mai sunan. Idan ya fara kame-kame, ku miƙa masa kayansa tun yana tsaye, ko ɗan'uwanku ne, ko ya ce duk garin babu mai hannu irin naku. Ni ban taɓa fizgar kayan kowa ba, ban taɓa fita daga tsakar gidana don wannan aiki ba. Amma dattijon da ya yi shekaru yana gadi da mutuncinsa yau yana zaune a bakin kwata yana sayar da goro, kuma kullum zan je kasuwa sai na wuce ta gabansa na gaishe shi, shi kuma sai ya amsa.