Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana a Gaban Alƙali

Innata Kubura ta yi shekara goma sha ɗaya tana dafa wa tsofaffi abinci a wani care home, gidan kula da tsofaffi, a unguwar Longsight. Karatu ne ya kawo Baba Manchester, ya rasu bai gama ba, ya bar ta da ni da takardar zama mai ƙarewa. Ni ne ɗan fari, babu kuma wani bayana, don haka duk kunyar a kaina ta sauka. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai." "Wancan." Ran da na fasa wani abu, "mutumin nan."

A 2014, ina shekara sha shida, ta nemi a bar ta a ƙasar saboda ni. Jami'in da ya yi mata tambayoyi ya ce, yaya sunan ɗanki? Ta sunkuyar da kai. Kina son sa? Ta ce, "Yana nan dai." Ya rubuta cewa babu shaƙuwa tsakaninmu. Wasiƙa ta zo, wai ta koma Najeriya.

Lauyan kyauta kuwa, tun shekarar da ta gabata aka soke shi ga irin shari'armu. Wata abokiyar aikinta ta ba mu sunan Anti Scholastica, lauya 'yar Jos da ke Handsworth. Muka hau doguwar bas zuwa can Birmingham, Inna da kular dambu a cinya.

Anti ta ce akwai wata 'yar hanya: yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kare zaman iyali, kuma idan rashin lauya zai tauye shi, ana iya neman gwamnati ta biya. Ta cike fom, aka ƙi. Ta sake. Sai bayan wata huɗu aka amince.

Anti ta ce, "Amma Mama, a gaban alƙali sai kin faɗi sunansa."

Inna ta ce, "Yana zaune a wurin?"

Na ce, "Inna, in rubuta miki a takarda? Kar ki je ki ce Musbahu."

"Ji shi. Bakin nan ne ya sa malamai suka gaji da shi."

Ranar shari'a Anti ta yi wa alƙali bayanin kunyar ɗan fari, sannan ta juyo ta tambayi Inna sunana. Inna ta gyara mayafi, ta kalli bango.

"Sunusi."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ba ya cin albasa. Ciwon asma yana tayar masa in sanyi ya shigo, sau bakwai ta kai shi wurin likita. Yana yawan surutu ne idan yana jin tsoro. Tafinta yana fassarawa, ni kuwa na ƙura wa igiyar takalmina ido.

Bayan mako uku takarda ta iso, an ba ta izinin zama. Ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta ɗauki jakarta, za ta shiga aiki ƙarfe biyu.