Ganyen da Na Kasa Kawo wa Mai Masaukina

Kano zuwa Landan

Na bar gida bayan sallar asuba, motar ma'aikatarmu ta gandun daji ta kai ni filin jirgi. Lokacin kuɗin mai ne, ana tura irinmu kwas Ingila. Mun sauka da yamma cikin yayyafi. Alhaji Sani, ɗan unguwarmu mai aiki a can, ya tarye ni zuwa gidansa a unguwar Camberwell.

Camberwell

Matarsa Hajiya Rabi tana kwance a asibiti, ciwon hanta. Bayan mun ci abinci ya ce, "Malam Garba, gobe lambun tsirrai za a kai ku ko?"

Na ce haka ne.

"Wata mai shara a asibiti, 'yar wani tsibiri ce a tekun Indiya. Ta ce da ganyen wata bishiyarsu suke maganin hanta, kuma akwai ta a lambun. Ka tsinko mini ko kaɗan ne."

Na amsa. A wurinmu ba a hana ganyen magani, ko a gonar abokin gaba.

Lambu

Bas, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan ƙafa. A wani ɗakin gilashi mai zafi wani tsoho mai kula da wurin ya nuna mini bishiyar. Ba ta kai tsayina ba, an kewaye ta da waya. Ya ce a tsibirin awaki sun cinye ƙanana, masu magani sun sassaƙe manya, kafin a kafa dokar kare ta an gama.

Na ce, "Ina sauran?"

"Ba mu san da saura ba. Tana fure, ba ta 'ya'ya."

Na gaya masa larurarmu. Ya cire hularsa ya ce doka ba ta yarda a tsinki ko ganye ɗaya ba. "Duk wanda ya sassaƙe ta a can, shi ma marar lafiya gare shi a gida."

Aka kira shi, ya bar ni da ita. Da na miƙa hannu, zai kai ga ganyen. Amma ni ma na sha kama mutane a dajin gwamnati kan irin wannan. Na daɗe a tsaye, sannan na fita.

Alhaji ya buɗe ƙofa, ya dubi hannuna, ya ce, "Shigo, akwai sanyi." Bai sake tayar da maganar ba. Hajiya ta rasu kafin kwas ya ƙare.

Komowa

Shi ya raka ni filin jirgi, har ya ɗaukar mini akwati. Na iso Kano lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Alhaji. Washegari na je ta'aziyya wurin mahaifiyar Hajiya. Ta amsa gaisuwata, ta ce, "An ce kai aka aika neman ganyen."

Na ce, "Ni ne, Inna."