Wuƙar da ke Hannun Bartalamawas

A garinmu na bakin kogin Danube, waliyyi da abin hannunsa ake gane shi. Bitrus da mabuɗi, Barbara da hasumiya, Bartalamawas kuwa da wuƙa da fatar jikinsa rataye a damtse, tunda feɗe shi aka yi da ransa. Fuska ba ta dami kowa ba.

Endres ya zo mana yana saurayi, ya ce shi maraya ne daga wajen duwatsu. Maigida Lienhart, mai shagon sassaƙa siffofin waliyyai, ya ɗauke shi aiki. Endres yana sassaƙa, ni ina shafa launi da ruwan zinariya, har furfura ta fara fito mana tare. Ba ya cin nama, ba ya bi ta layin majema.

"Endres, ko limanci za ka shiga?" in ji matar maigida idan ta ɗora tsiran alade a tebur.

"Uwar gida, ai limamanmu ne suka cinye rabona."

Burinsa ɗaya: dattawan sana'a su yarda ya zama maigidan kansa. Sharaɗinsu aiki mai kyau da asali mai tsabta. Ɗan mai fiɗar mushe ko ƙofar zaurensu ba ya takawa, domin ko wuƙar irin waɗannan mutane ka taɓa, ka ƙazantu. Shi ya sa suke yi wa ƙotarta tsaga kamar ƙafar kaza, kada wani ya ɗauka bisa kuskure.

Da mahauta suka nemi a sassaƙa musu Bartalamawas, waliyyinsu, sai aka ce wannan ne gwajin Endres. A lokacin sanyin nan wani falke ya raɗa masa wata magana a bakin ƙofa. Bai yi tafiya ba, bai yi kuka ba. Ya dai koma kan itacen.

Ni na fara ganin tsagar a ƙotar wuƙar waliyyin, ranar da aka miƙo mini aikin.

"Ɗan'uwa, wannan fa?"

"Itace ne ya tsage."

"Itace ya iya zanen ƙafar kaza? Bari in cike ta da alli, launi ya rufe."

"Shafa launinka, Matis. Bar mini wuƙata."

Limami ya sa wa siffar albarka, aka kafa ta a coci. Kunz, shugaban mahauta, wanda ya sha yawon kasuwannin shanu, ya durƙusa, ya ɗaga kai ya dubi fuskar waliyyin, sai ya daɗe bai sauke ba.

"Na san tsohon nan," ya ce a hankali. "Utz ne, mai jan mushe a bayan ganuwar garin Biberach. Har karyayyen hancin. Kai, masassaƙi, ina ka san shi?"

Yana iya cewa a hanya ya taɓa ganinsa, da an wuce wurin.

"Babana ne," in ji Endres. "Ya rasu. Ban je ba."

Dattawa suka hana shi matsayin, maigida ya sallame shi yana kallon ƙasa. Siffar kuwa ba mai ikon sauke ta, an riga an tsarkake ta.

Mutane sun ce baƙin ciki ne ya rinjayi hannunsa bai sani ba. Ban yarda ba. Mutumin da ya iya ɓoye kansa tun ƙuruciya ba ya yin irin wannan mantuwa. Ina jin ya auna ne: a kira shi maigida, ko masu tsabtar nan su durƙusa wa tsohon da aka binne a waje da maƙabarta. Ko tuba ce, ko ramuwa, ban tabbata shi ma ya rarrabe ba.

Ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa akushi da cokula a ƙauye. Duk ranar idin waliyyin yakan shigo gari, ya tsaya can baya kusa da ƙofa. Kunz kuwa, daga ranar nan, a ɗaya ɓangaren cocin yake addu'arsa.