Magaryar Bayan Gidanmu

A bayan gidanmu na Mandawari akwai wani kango da Baba ya mayar lambu. Malamin firamare ne, kuma ba ruwansa da furannin ado, itatuwan ƙasarmu yake tarawa: kurna, aduwa, ɗinya, sabara, da wata tsohuwar magarya da ta girme mu duka. Ranar Alhamis da yamma yakan kwaso 'yan ajinsa, ya tsinko ganye ya murza, ya ce su shinshina su faɗi sunansa. Duk wanda ya ce "ciyawa ce" ya sha ranƙwashi. In za su tafi, sai ya ba kowa ɗan dashe a gwangwanin madara. Ni dai haushi nake ji, don ni ke share ƙasar da suke zubarwa a soro.

Magaryar kuwa duk unguwa an san ta. In aka yi rasuwa, kafin a gama ɗinka likkafani za mu ji sallama, an zo tsinkar ganyen da za a daka a zuba a ruwan wankan mamaci. Baba bai taɓa hana kowa ba. Abu ɗaya yake roƙonmu, har muka haddace: "Ku bar min ita a yi min wanka da ita."

Da tsufa ya kwantar da shi, yayanmu ya ce za a sare magaryar a yi shaguna a kangon. Na yi masifa har muryata ta dishe. Ya ce, "Ke, ganye ne fa, a kasuwa ma ana sayar da garinsa." Wata rana na zo daga gidan mijina a Gwale, na tarar da kututture. Ba wanda ya iya gaya wa Baba. In ya tambaye ni ko magarya ta yi 'ya'ya bana, sai in miƙe in ce bari in kawo masa ruwa. Wallahi abin ya ci min rai.

Da hantsi Baba ya rasu. Yaya na tsaye a tsakar gida, ya kasa haɗa ido da ni, yana neman wanda zai aika kasuwa sayo garin magarya, sai aka ce ana sallama da ni. Wani magidanci ne mai furfura, ya sauko daga babur da reshe ɗanye a hannu.

"Hajiya, ba ki gane ni ba," in ji shi. "Ni na fi kowa shan ranƙwashin Malam. Wannan daga gidana na Kabuga na saro, dashen da ya ba ni ne. 'Yar magaryarsa ce."

Ban bar wa kowa turmin ba. Ina daka ina kuka, na kwashe a ƙwarya, na miƙa wa Yaya ya kai wa masu wanka. Da hannu biyu ya karɓa.