Ƙofar da Yayyafi Bai Jiƙa Ba

Na fara sanin Yayyafi a shekarar da kamfanin mai ya kafa injin haƙarsa na farko a bayan unguwarmu. Lokacin ina tafinta a kotu, aikin da na samu albarkacin makarantar mishan, inda ake buga mana rula a yatsu idan muka ajiye kalma a inda ba muhallinta ba. Shi kuwa siririn saurayi ne, direban tanka. Ba fetur yake ɗauka ba. Rijiyar mai ba ta ba da mai shi kaɗai, tare yake fitowa da ruwa mai yawa, mai gishiri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ruwan yake kwashewa.

Ran da muka haɗu, tiyon tankarsa ne ya fashe daidai ƙofar gidana, ruwan ya feshe shi a fuska. Ya faɗi yana birgima yana kiran idonsa. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ta ja shi har bakin rijiyarmu, ta danne kansa a cinyarta kamar ɗan cikinta. Ni ina jan guga, ita tana kwarara masa, har kafaɗata ta ƙage. Can ya buɗe ido jajur, ya dube ta.

"Inna, na gan ki," in ji shi. "Ashe kin fi muryarki kyau."

"Ja'iri, tashi ka ba ni wuri," ta ce masa.

Ba a daɗe ba manyan motocin kamfanin suka niƙe titin unguwar, ƙura ta hana mu shanya. Sai kamfanin ya ce zai yi mana alheri: za a riƙa fesa ruwan nan a titi, tunda gishirinsa yana riƙe danshi. Shi aka ba aikin, daga nan sunan Yayyafi ya bi shi. Mutane suka shiga lallaɓarsa. Mai shago ya miƙa masa lemo mai sanyi, tela ya ɗinke masa wando kyauta, kowa so yake a ƙara jiƙa masa ƙofa.

"Baba, wannan ba ruwan arziki ba ne," na sha jin yana gaya wa telan.

"Kai dai zuba, ruwa ai ruwa ne. Ko tsoro kake kada ya ƙare?"

Sai ya zuba. Yana da mata da 'ya'ya, kuma abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan.

Ƙofata kaɗai ba ta taɓa jiƙa ba. Daga falwayar da ke gabanmu ruwan yake ɗaukewa, sai an wuce katangata ya dawo. Fararen rigunana na zuwa kotu suka koma ja. Maƙwabta suka samu abin tsokana, wai tafinta ya iya harshen alƙalai amma bai iya na direbobi ba. Wata rana na tare shi, na tambaye shi laifin da muka yi masa.

"Baba Tafinta, famfon tankar ne mai taurin kai. Da an zo nan sai ya shaƙe."

Shekaru suka ja. Itatuwan bakin titi suka fara bushewa daga sama. Ruwan rijiyoyi ya yi ɗaci, sabulu ya ƙi kumfa a cikinsa, awaki su shinshina su juya. Ƙuraje suka feso wa yara. Unguwa ta haɗa kai ta kai ƙara, shari'ar kuma ta faɗo a kotun da nake aiki.

Yayyafi ya zo shaida ba da son kamfanin ba. Ya faɗi inda yake ɗibo ruwan da inda yake zuba shi, ya ɗaga wa alƙali hannuwansa da suka tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Lauyan kamfanin bai musa ko ɗaya ba. Dokar kawai ya buɗe.

Ni na juya hukuncin zuwa harshenmu, don haka ina tune da shi daidai. Doka ta bayyana abin da take kira shara mai guba. Ruwan da ya fito daga ƙasa tare da mai ko iskar gas yayin haƙa, ta ware shi daban, ba ta lissafa shi a cikinta ba, ko me yake ɗauke da shi. Kamfanin kuma yana da izinin fesa shi a titi. Saboda haka babu laifin da aka yi.

Telan ya miƙe. "Wato in na sha na mutu, a wurin doka ban sha guba ba?"

Alƙali ya tambaye ni abin da ya ce. Na faɗa masa ban rage ba, ban ƙara ba. Ya gyara tabarau, ya ce wannan tambayar ta masu yin doka ce, ba ta kotu ba.

A makon aka sallami Yayyafi daga aiki, aka ba wani tankar. Unguwa ma ta juya masa baya, waɗanda suka ba shi lemo su ne suka daina amsa sallamarsa. Ya koma faci a bakin tasha, tari yana cinsa, har ya kwanta. Mutanen da suka raka gawarsa ba su cika sahu ɗaya ba.

Yanzu rijiyata kaɗai ake sha a layinmu. Tun safe bokitai ke jeruwa a tsakar gidan da maiɗakina ta bari. Rannan na ga matar Yayyafi a ƙarshen layi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na kira ta gaba. Don in sa ta saki jiki, na ce mata mun ci albarkacin lalataccen famfon mijinta.

"Famfon nan lafiyarsa ƙalau, Baba," ta ce. "Da hannunsa yake rufewa. An yi ta yi masa faɗa a wurin aiki kan busasshen wurin nan. Ya ce rijiyar da ta mayar masa da ido ba zai zuba mata wannan abin ba."

Na karɓi bokitinta. Kafaɗata ba ta da sauran ƙarfi, amma ni na ja mata gugan.