Giwan Ruwan da Na Yi Rawa da Shi

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina ɗinki a wani shago a Gwadangaji, sai wata rawa ta ci gari. Taka-laka ake ce mata: mutum ya ɗaga ƙafa da ƙyar kamar mai fita daga taɓo, ya ware hannuwa kamar mai jan taru. Ba bikin da za a watse ba a yi ta ba.

Wani mai ɗaukar hoto a unguwar Nasarawa ya samo aron na'urar bidiyo, ya ce zai yi fim a kanta. Ni ya zaɓa in fito a masunci don ina da tsawo, alhali ko ƙugiya ban taɓa jefawa a ruwa ba. Labarin bai taka kara ya karya ba: saurayi ya kamo ƙaton kifi, 'yan mata su kewaye shi da waƙa, a yi ta rawa.

Aka kwashe mu a bayan akori-kura zuwa Argungu. A bakin gulbi mai hoton ya sayi giwan ruwa, ƙato, jikinsa na ƙyalli. Na saɓa shi a kafaɗa ke nan batirin na'urar ya mutu. Washegari rediyo ta tauna kaset ɗin kiɗan. Duk wannan jiran, kifin na cikin buhu a wata rumfar albasa, ga zafin bazara, ba ƙanƙara.

Ranar da komai ya daidaita, aka kwance buhun, mutane suka ja da baya. Cikin kifin ya kumbura, idanun sun loɓa, ƙudaje har sun yi masa baƙi. Na roƙi mai hoton ya sake wani, ya ce an riga an fara ɗaukar wannan a bidiyo, girmansu ba zai zo ɗaya ba. Ya wanke shi a gulbi, ya shafe shi da man gyaɗa, ya zazzaga masa turare.

"Tela, bidiyo ba ta ɗaukar wari," in ji shi. "Rungume shi, ka yi dariya."

Na rungume shi. Da na ɗaga ƙafa sai wani ruwa mai yauƙi ya gangaro mini cikin riga, na ji abubuwa suna motsi a wuyana. Yarinyar da ke jan waƙar ta juya ta yi amai a kan yashi, ta goge baki da gefen gyale, aka ce ta dawo layi. Ni kuwa ina ta yaƙe haƙora, masunta na kallonmu daga cikin kwalekwale.

Da aka gama mai hoton bai jefar da kifin ba. Ya kai wa wata mai tuwo, ya ce ta cika yaji ta yi mana miya. Matar ta leƙa buhun ta kore shi, ta ce tukunyarta ba juji ba ce. Garin rogo muka jiƙa ranar.

An nuna fim ɗin wata yamma a shagonsa, hoton na rawa, sautin na shaƙewa. Mutane suka yi ta tafi. Wata dattijuwa kusa da ni ta ce lallai mun sha romo. Ban tsaya ƙarshe ba, na zame na koma kan kekena, akwai ɗinkin suna da ke jirana.