Bis Biyu da Turmin Inna

Mahaifina makanike ne, ko in ce ya kasance. Ƙuruciyarsa duka a ƙarƙashin motocin mutane ta ƙare, tun zuwansa Yamai daga Dogonduci. Da idanunsa suka dushe sai ya sallama garaji, ya koma zaman ƙofar gida a unguwar Harobanda, ƙetaren kogi. Kayan aikinsa duka ya rabar, ban da turnabis guda mai jan kai, wato sukudireba, da yake ajiyewa a aljihun riga. Aiki ɗaya ya rage masa a duniya, ni nake kawo masa duk ranar Asabar, kuma ni ɗin ne na tashi ƙwace shi ina tsammanin alheri nake yi.

Ni ma'aikacin dabbobi ne, ina bin rugage da ƙauyuka ina yi wa shanu da awaki allura. Moto gare ni, wato babur, irin doguwar nan mai dogayen ƙafafu, wadda aka yi don yashi da kwazazzabo. Sandunan nan biyu da ke riƙe tayar gaba, waɗanda muke kira fursh, in sun sha rana da gargada sai iska ta taru a cikinsu. Gaba ya sandare, kowane ɗan dutse sai ka ji shi a wuyan hannu. Maganin ba wuya: akwai ɗan bis, ƙaramar ƙusa mai zare, a kan kowace sanda, a ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a kwance shi, iska ta fita, a mayar.

Wannan shi ne aikin Baba. In ƙetaro gada daga unguwarmu Gaweye da safe, in mirgino tsohon turmin Inna da ya tsage, mu kife shi, in ɗora cikin moto a kai har taya ta bar ƙasa. Sai ya laluba da yatsa, ya sa turnabis, ya kara kunne.

"Tsss," in ji moto.

"Likitan awaki," in ji Baba, "wannan satin ka ci yashi. Ina ka je?"

Daga nan hira ta ɓarke, sai azahar ta raba mu. Aikin minti biyar ne, ni kuwa a lissafina na mai wayo, rabin yini nake asara.

Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da wasu ƴan maɓallai da ake ɗaurawa a gurbin bis ɗin. Ba turnabis, ba kwancewa, danna kawai iska ta fita. Wayyo, na kamu! Sati uku na yi ina bincike, sai ka ce wanda zai sayi jirgin sama. Na gano ba kowanne ke shiga kowace moto ba, zaren bis ya bambanta, in ka tilasta ka lalata ramin. Na gano dogo yana iya karo da ƙarfen tuƙi, gajere kuma da kyar yatsa ke samunsa. Na koyi cewa marar kyau yana tsiyayar da mai, yana kuma shan ƙura. Matata ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi tambaye-tambaye haka ba, kuma gaskiyarta.

Na kwance bis ɗaya da kaina, na ƙunshe a takarda, na kai wa wani mai sayar da kayan moto a unguwar Maourey don a gwada zare. Ya zube mini kala uku a kan tebur. Bayan duk ilimin nan da na tara, wallahi ja na ɗauka, don kawai ya dace da tankin. Allah ya rufa mini asiri zaren ya yi daidai. Na ɗaura su a nan bakin shago, na jefa tsofaffin bis ɗin cikin jakar allurai, na dinga danna su ina murmushi ni kaɗai kamar sabon mahaukaci.

Ranar Asabar na isa Harobanda ina ji da kaina. Baba har ya fiddo turnabis.

"Baba, mayar da shi aljihu," na ce. "Daga yau ka huta. Kawo hannunka ka ji."

Na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin. Ya shafa shi, ya zagaye gindinsa, ya shinshina yatsan ko akwai mai. Ya danna sau ɗaya.

"Aiki mai kyau," ya ce. "Wanda ya ƙera wannan ya san hannunsa."

Ni kuwa bakina bai mutu ba. Na yi masa lacca a kan zare da robar da ke toshe mai, shi da ya shekara arba'in yana wannan sana'a. Har na ƙara da cewa yanzu ko a daji zan iya yi ni kaɗai, ba sai na wahalar da kowa ba. Ya ce to, madalla. Ya mayar da turnabis aljihu a hankali, ya tambayi lafiyar yara. Ko shayi ba mu gama ba na yi sallama.

Inna ce ta biyo ni har bakin hanya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kai mai ido biyu," ta ce, "tun daren Juma'a yake goge turnabis ɗin nan."

Kunya ta kama ni tun daga ƙafa har ka. Na hau moto na ƙetare gada ban san na ƙetare ba. Sati uku ina auna zaren bis, ban taɓa tambayar kaina abin da tsohon nan yake jira duk mako ba. Na ji haushin kaina ƙwarai, na kuma ji tausayinsa har idona ya kawo ruwa a cikin kaski, hular kwanon da ke kaina.

Washegari na zazzage jakar allurai a tsakar gida. Bis ɗaya ya fito nan take, ɗayan sai da na yi rarrafe ina zagin kaina kafin na same shi maƙale a cikin auduga. Na cire jajayen maɓallaina na mayar da su.

Asabar ta zagayo, na shirya ƙaryata tun daga gida.

"Baba, abubuwan nan banza ne. Mai suke zubarwa."

Ya laluba kan sandar, ya daɗe yatsansa a kan bis ɗin.

"Ba sa zubar da komai," ya ce. "Na duba su ran nan. Ƙarya ma ba ka iya ba, likitan awaki." Sai ya zaro turnabis. "Kuma wane jaki ne ya matse wannan haka? Mirgino turmin."

Na mirgino. Ranar sai da aka kira la'asar muna zaune.

Maɓallan suna nan cikin gwangwanin madara a kan kanta, ja wur, ba abin da ya same su. Matata takan ce in sayar ko in kyautar. Nakan ce a bar su, na san akwai Asabar ɗin da zan buƙace su, kuma ba na gaggawar zuwanta.